Shekarar da Na Gina Shafi, Na Bar Kujera

Kun taso kun iske ni a benci na uku cikin majami'a, alhali sa'o'ina suna gaba a kujerun dattawa. Kun kuma taso kuna ganin wana Yohanna, wanda kuke kira Baba Yohanna, yana shigowa gidan nan ya gaisa ya fita, ba ya sa hannu a akushinmu. Babu wanda ya tambaye ni dalili a cikinku, amma na san kun tambayi uwarku, na kuma san abin da ake faɗa a gari. Wasu sun ce musulunta na so in yi na fasa. Wasu sun ce gona ce ta raba ni da wana. Ba haka ba ne. Zan faɗi yadda abin ya gudana, kowane abu a inda ya faru. Wanda ya karanta kada ya ƙara, kada ya rage.

Sai an fara daga ƙungiya. Kakanku Dauda da amininsa Malam Abdu su ne suka kafa ƙungiyar manoman wake ta ƙauyenmu, a ƙasar Atantane, tun ina yaro. Kakanku Kirista ne, Malam Abdu Musulmi, gonakinsu suna iyaka da juna. Rumbu ɗaya suka gina, tiya ɗaya suke awo da ita, suka kuma kafa doka wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta. Ana taro sau ɗaya a wata. Wannan wata Musulmi su buɗe taro da addu'arsu, wata mai zuwa Kirista su buɗe da tasu. Waɗanda watansu ne su ke kawo tabarmi da ruwan sha. Waɗanda ba watansu ba ne su zauna shiru har a gama. Ba a tilasta musu su ce amin, ba su kuma tashi su bar wurin. Ba a taɓa tsallake wata ba, ko an yi mutuwa, ko ana cikin girbi. Idan ka tare yaro a hanya ka ce masa watan wa ne, zai gaya maka.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na gama lakwal ta farko, wato firamare, na koyi buga takarda a mashin, na yi wannan aiki shekaru a wani biro, wato ofis, a Mayahi, sannan na dawo gida na kama noma. Saboda hannuna ya saba da haruffa aka ba ni magatakardan ƙungiya. Shugaba kuwa Alhaji Laminu ne, ɗan Malam Abdu. A ikilisiya kuma ina cikin dattawa, Yohanna yana shugabantarmu, don shi ne mai bishara. Yana yawan tafiya ƙauyukan arewa wajen mabiyan Isa na can, saboda haka ya daɗe da daina zuwa taron ƙungiya, ko da yake a kan tabarmar taron nan ya girma.

A shekarar da nake magana, wake ya yi kyau fiye da yadda muka saba. Rumbu ya cika, ƴan kasuwa suka ga haka suka karya farashi. Sai Alhaji ya dawo daga Yamai da labarin wani mai saye da yawa, wanda ya ce ba ya hulɗa da ƙungiyar da ba zai iya dubawa a intanet ba. Taro ya yanke a gina mana shafi. Ba a yi gardamar wa zai yi ba. Duk suka juyo suka dube ni.

Wurin da na sani a Tasawa yake, wani ɗaki kusa da tasha inda ake hayar odinater, wato kwamfuta, ana ce masa siber. Mai wurin Madam Barira ce, mace mai faɗa da dariya a lokaci ɗaya. Ranar farko ta dubi yadda nake dukan haruffa ta ce:

"Baba, wanga ba mashin ɗin biro ba ne. In ka fasa mini shi, da buhun wake za ka biya."

Na sassauta hannu. Ta buɗe mini abin da ake gina shafi da shi, edita. Fuska biyu gare shi. Ɗaya tana nuna shafin kamar yadda mai kallo zai gan shi. Ɗaya kuma tana nuna ainihin rubutun, wanda ake kira HTML, kalmomi a kulle cikin alamomi masu kama da bakin almakashi. Duk abin da ka buɗe sai ka rufe shi, kuma abin da ka buɗe daga baya shi za ka fara rufewa. Da na gane wannan na ji hankalina ya kwanta. Aiki ne mai tsari, ba ya yarda da ganin dama.

Ta ce za mu yi shi da kadar, wato a raba fuskar odinater gida-gida, kowane gida da abin da yake nunawa. Ta ce a manyan garuruwa an fara barin wannan salo, amma shi ta iya, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Ga yadda aka bi. Da farko aka yi fishiye guda, wato takarda ta cikin odinater, wanda ba shi da labari ko hoto, aikinsa kawai ya raba wuri ya kuma faɗi wane fishiye zai zauna a wane gida. Madam tana ce masa uwa. Ya yanke ƙyalle mai faɗi a sama, shi ne kai. Abin da ya rage ya raba shi biyu, siriri a gefe, babba a tsakiya. Na biyu aka yi fishiyen gefe, inda aka jera ƙofofi: tarihinmu, irin waken da muke nomawa, yadda muke ajiya, farashi. Na uku aka yi shafukan tsakiya, ɗaya ɗaya, da Faransanci, don mai sayen ba ya jin Hausa. Kowane gida aka raɗa masa suna, kuma kowace ƙofa sai an gaya mata sunan gidan da za ta buɗe a ciki. Ni na manta wannan a ƙofar farko. Da na danna, hoton buhunan wakenmu ya faɗo cikin siririn gefen, ya matse, ƙofofin duka suka ɓace.

Madam ta yi dariya har ta dafa tebur. "Ka shigar da raƙumi akurkin kaji, Baba. Ka gaya mishi inda zai kwana mana!"

Na gyara, ban sake wannan kuskure ba. Na yi ta zuwa ina komawa a kan moto, wato babur, har aikin ya kusa ƙarewa. Saura kai. Madam ta bayyana mini cewa shi kai ba ya motsi. Mai kallo ya shiga tarihi, ya fita ya shiga farashi, tsakiya ce kawai ke canzawa. Kai yana nan a samansa ko'ina ya je. Na rubuta sunan ƙungiya da sunan ƙauye, aka buga mini a takarda, na kai taro.

Takardar ta zagaya hannu hannu. Da ta iso wurin Alhaji Laminu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Malam Ishaya, aiki ya yi kyau. To amma ina buɗewa? Za mu fita gaban duniya babu sunan Allah a kanmu?"

Ba Musulmi kaɗai suka goyi bayansa ba, har namu suka ce gaskiya ne. A wurinmu abin da aka fara ba da sunan Allah ba, ba a sa ran albarkarsa. Sai aka shiga neman yadda za a yi. Wani ya ce a raba kan biyu, kowa ya sa nasa. Na ce ana iya yi, layi ɗaya ne a cikin uwa. Sai wani tsoho ya tambaya wa zai zauna a dama, wa zai zauna a hagu. Nan maganar ta tsaya, don babu mai yarda a ajiye sunan Allahnsa a hannun da ba a cin abinci da shi. Aka ce to a jera su, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan ko gama faɗarsa ba a yi ba. Wani kuma ya ce a cire daga kai, a raba shafukan tsakiya, kowane ɓangare ya ɗauki rabi. Alhaji ya ce:

"To wa zai ɗauki shafin farashi, wa za a bar wa shafin ƙwarin wake?"

Aka yi dariya, amma ba a samu mafita ba. Ni ina zaune ina bin abin daki daki. Matsalar ita ce muna ƙoƙarin raba wuri, alhali iyayenmu ba wuri suka raba ba, lokaci suka raba. Kuma kan nan fishiye guda ne. Na ce musu zan yi kai biyu, ɗaya da buɗewar Musulmi, ɗaya da ta Kirista. A cikin uwa kalma ɗaya ce ke faɗin wanne zai fito. Duk wata bayan taro in je Tasawa in canza kalmar, shafin gaba ɗaya ya bi watan da ake ciki. Taro ya yarda babu wanda ya ƙi.

Ranar da za a ɗora shafin ta faɗo a watan Musulmi. Wani daga cikin namu ya ja ni gefe ya ce in ja ƙafa kaɗan har watanmu ya kama, mu zama na farko. Na ce masa aiki ya ƙare, ba zan ƙirƙiro jinkiri ba. Muka tafi Tasawa da Alhaji. Ya zo da buɗewarsu a rubuce da boko, bisimilla da salati ga Annabinsu. Madam ta ce ko ita ta buga, tunda Musulma ce. Na ce rubutun ƙungiya aikin magatakarda ne. Na buga, Alhaji yana tsaye a bayana yana duba kowane harafi. Na adana. Sannan na buɗe sabon fishiye na buga tamu, da sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Alhaji ya mai da idonsa kan titi, amma bai gusa daga inda yake ba har na gama. A ƙarshen kowane shafi, kamar yadda aka saba a takardunmu, an sa sunan shugaba da na magatakarda.

Yohanna ya san ina gina shafi, har ya yi ta faɗa wa mutane. Bai tambaye ni abin da ke kai ba, ni kuma ban ga wani sabon abu da zan sanar da shi ba, tunda dokar ubanmu ce. A cikin wannan wata aka kira masu bishara taro a Maraɗi. A can, a gaban abokan aikinsa da manyansu, ya ce ƙanensa, dattijon ikilisiya, ya gina shafi a intanet da hannunsa, ya roƙi a buɗe a gani. Aka buɗe. Abin da ya fara fitowa shi ne salati. Aka danna tarihi, yana nan. Aka danna farashi, yana nan. A ƙasa kuma sunana, da sunan ubanmu.

Da ya dawo bai fara zuwa gidansa ba. La'asar ce, ina gyaran igiyar rijiya a tsakar gida. Uwarku ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo fura. Bai zauna ba.

"Ishaya, kai ka rubuta abin da na gani?"

"Ni ne, Yaya. Watansu ne. Wata mai zuwa tamu za ta hau."

"Wata mai zuwa! Ni wanga wata aka kunyata ni. Mutane suna kallona, wani har ya ce ko ikilisiyarmu ta sauya alƙibla."

Na ce masa shi ma ya zauna a taron nan tun yana yaro ana wannan addu'a a gabansa, kuma ko jiya in baƙo ya zo cin abinci bisimilla yake ce masa.

"Kada ka raina mini hankali. Ba bisimilla nake magana ba, ka sani. Baba zama yake yi shiru. Shiru! Bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, balle ya rubuta da hannunshi ya sa sunanshi a ƙasa. Addu'ar taro ana gamawa iska ta ɗauke. Wanga kuwa shina nan tsaye safe da yamma, duk duniya na gani."

Na ce Alhaji ma zai ga sunansa a ƙarƙashin tamu.

"Alhaji ba ƙanena ba ne."

Ya juya ya fita. Furar tana nan har ƙudaje suka taru, uwarku ta ɗauke. Daga wannan rana ne bai ƙara cin komai a gidan nan ba. Ina so ku lura cewa maganarsa ba ta banza ba ce. Akwai bambanci tsakanin zama shiru da rubutawa, na kuma san da shi. Na auna ne na ga wani abu ya fi shi nauyi.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna da ni. Ba a ɗaga murya ba. Suka ba ni hanya mai sauƙi: in ci gaba da magatakarda, in riƙa sa tamu a watanmu, amma a watan Musulmi a samu Musulmi ya je ya canza, a kuma cire sunana daga ƙasa har watan ya wuce. In na yi haka, kujerata tana nan. In ban yi ba, in sauka. Suka ce in je in yi tunani.

Na yi tunanin, kuma ga yadda ya tafi. Idan hannun Kirista ba zai taɓa nasu ba, gobe za a ce hannun Musulmi ba zai taɓa namu ba. Daga nan magatakarda biyu. Magatakarda biyu kuwa kowa da lissafinsa. Daga nan sai a ce wa ke riƙe makullin rumbu a wane wata, sai a sa kwaɗo biyu, sai a kawo tiya ta biyu. Na ga ƙungiyoyi a ƙauyukan kusa sun bi wannan hanya, kuma babu wadda ta fara da babban abu. Mu ƴan kaɗan ne a ƙauyen nan. Rumbun da ubanmu ya gina shi ne wuri guda da ba a tambayar mutum inda yake sujada kafin a auna masa.

Uwarku ba ta ga haka ba, kuma ba ta ɓoye ba. Tana tankaɗe ta ce:

"Malam, shafin nan wa ke ganinshi? Ni dai ban taɓa gani ba. Rabin ƴan ƙungiyar ba su taɓa gani ba. Kujera kuwa kowa na gani duk Lahadi."

Na ce ba don a gani nake yi ba.

"To don wa? Kai za ka koma baya ka zauna da tsarinka. Ni ce zan shiga cikin mata. Ɗiyanka ne za su tafi lakwal a ce musu ubansu ya yi salla."

Abin da ta faɗa kuwa haka ya faru. Kafin shekara ta juyo an karɓe mata jagorancin zumuntar mata ba tare da an faɗi dalili ba. Rifkatu, ke kin isa ki tuna ranar da kika dawo kika ƙi cin abinci. Wannan kuɗin ba ni kaɗai na biya ba, kuma ban tambaye ku ba kafin in sa ku biya. Haka yake.

Lahadin da ta biyo na gaya wa dattawa na sauka. Yohanna ne ya sanar a gaban jama'a, cikin kalmomi kaɗan, bai ambaci laifi ba. Na tashi na nemi wuri. Benci na farko da na biyu a cike suke, na uku akwai gurbi a bakin hanya. Nan na zauna, nan nake har yau.

Da watanmu ya kama na je na canza kalmar. Sai abin ya koma kan Alhaji. Ƴan kasuwar Mayahi suka samu labari, suka riƙa tare shi suna cewa, Alhaji, yaushe za a fara zuwa egilis sujadar Lahadi, a ɗinka maka riga? Wani malami ya aiko masa da magana mai zafi. Ya zo ya same ni a gona.

"Malam Ishaya, ni fatata ta yi kauri, zan iya. Amma kai ka rasa kujera, ka rasa ɗan'uwa. A cire duka biyun mu huta."

Na ce abin da taro ya sa, taro ne zai cire. Ya kai maganar taro. Aka ƙi, daga ɓangarorin biyu. Kowa ya gwammace ya haƙura da watan ɗan'uwansa da a bar kan babu kowa. Mai sayen Yamai kuwa ya zo ya ɗauki wake, ya sake dawowa wata shekara. Na tambaye shi ta bakin tafinta ko ya lura da rubutun da ke saman shafin. Ya ce ya ɗauka taken ƙungiya ne. Shi farashi ya duba.

Haka aka yi shekaru. Duk wata bayan taro in hau moto, da rani da damina. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke in jira. In buɗe uwa, in goge kalma, in rubuta kalma, Madam ta ɗora. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba, hanyar ce mai nisa. Madam ta sha cewa in bari ta riƙa yi mini, in huta. Na ce a'a, saboda dalilin da na riga na faɗa. Ni da Yohanna gaisuwa ba ta yanke ba. Ya zo sunan ƙananan cikinku, ya yi addu'a, ya tafi kafin a fito da tuwo. Na je gidansa duk lokacin da ya kamata ƙane ya je. Maganar shafi ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba.

Sannan wayoyi masu intanet suka shigo hannun kowa. Rifkatu, bayan kin gama karatu, ke kika nuna mini yadda shafin yake fitowa a waya: kai ya cinye rabin fuska, gefe ya danne tsakiya, ba a iya karanta komai. Kika ce zamanin kadar ya wuce. Na duba na ga gaskiya ne. Taro ya yanke a rufe tsohon, ke ki buɗe sabo a waya. Sabon ba shi da kai ko kaɗan, hotuna ne ke bin juna, kuma babu wanda ya tambayi ina buɗewa. Na lura da wannan. Abu ɗaya na roƙa. Ana cikin watan Musulmi ne. Na ce da watansu aka buɗe, in aka rufe da watansu sun fi mu da ɗaya. A jira tamu ta hau ta cika watanta. Alhaji ya yi dariya har da tari.

"Kun ji mutumen nan! Ko a gaban Allah sai ya ce a bi layi."

Aka yarda.

A lokacin idon Yohanna ya fara rauni, ana duba shi a Tasawa, kuma babu mai kai shi ranar sai ni. Na goya shi a moto. Da aka gama da likita na ce ina da ɗan aiki kusa da tasha, ya zauna a inuwa in dawo. Ya ce zafi ya yi yawa a waje. Ya biyo ni ciki. Madam ta gane shi ba tare da an faɗa mata ba, ta jawo masa kujera, ta kama bakinta, abin da ban taɓa gani ba.

Na buɗe edita. Yana zaune a gefena, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Can ya ce:

"Watan wa ne?"

"Namu, Yaya. Na ƙarshe."

"Nuna mini inda kake canzawa."

Na ƙara girman rubutun, na sa yatsa a kan layin. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Na goge kalmar, na rubuta ɗayar, na juya fuskar edita. Buɗewarmu ta fito a sama.

"Shi ke nan? Kalma guda?"

"Ita ke nan."

"Ita kake hawa moto dominta duk shekarun nan?"

"Awo."

Ya ja baya daga gilashin. Sannan ya ce, da a ce taron Maraɗi ya faɗo a watanmu fa? Na ce da ya dawo yana alfahari da ni, kuma da Alhaji ne zai fara shan kunyar a gaban nasa mutanen. Wani dai sai ya sha, tunda wata ba ya tsayawa. Ya gyaɗa kai kamar mai bin lissafi.

"Har yanzu ban ce ka yi daidai ba, Ishaya."

"Na sani."

"Da za a sake zama, abin da na faɗa shi zan faɗa."

"Ni ma haka."

Madam ta ɗora shafin. Muka fito, muka kama hanya. Muka yi ta tafiya har muka wuce gonakin farko na ƙauye. A mararraba, inda ake karkata zuwa gidansa, na rage gudu. Ya taɓa kafaɗata da sanda ya ce in miƙe. Muka tsaya a ƙofar gidan nan da sauran rana. Uwarku tana kwashe tuwo. Ta gan shi, ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta gaishe shi kamar kullum, ta juya za ta koma madafa, don ta daɗe da daina yi masa tayi. Sai ya ce:

"Hannatu, miyar mi kika yi?"

Ta tsaya da mara a hannu. Ta ce kuka ce, da wake.

"To kawo ruwa in wanke hannu."

Kujera ba ta dawo ba, ban kuma nema ba, kada wani cikinku ya je nema da sunana. Shafin ya cika watansa aka rufe shi, ɓangarorin biyu kunnen doki. Rumbu har yau kwaɗonsa ɗaya ne. Ranar nan ni da wana muka ci akushi guda, sai da ya kusa ƙoshi sannan ya ce wa uwarku gishiri ya yi kaɗan.